BABI NA UKU: MATACIN MAI DA KULA DA HANYAR MAI A MOTOCIN ZAMANI A BATSARI DA SAFANA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ƙasar Batsari da ta Safana, da yadda sana'ar kanikanci ta samu gindin zama a cikinsu. A wannan babi kuwa za a dubi sashe ɗaya ne daga cikin sassan mota, watau hanyar da mai yake bi tun daga tanki har zuwa cikin inji, tare da mayar da hankali a kan abin da yake tace man a kan wannan hanya. Dalilin keɓe wa wannan sashe babi guda shi ne, kafin a fahimci kalmomin da kanikawa da direbobi suke amfani da su, wajibi ne a fahimci abin da kalmomin suke nuni gare shi. Har ila yau, wannan bincike ya lura da cewa a nan ne ilimin da aka gada daga tsofaffin motoci ya fi cin karo da ƙirar motocin yanzu. Dabarar da take ceton mota a zamanin Peugeot 504, ita ce a yau take kashe famfon mai a cikin Toyota Corolla.

3.1 Batun Suna

Abin da ake magana a kansa wani ɗan gwangwani ne, ko na ƙarfe ko na roba, wanda aka cusa wa wata irin takarda mai ƙananan ƙofofi da aka nannaɗe ta ninki-ninki. Mai yana shiga ta baki ɗaya, ya ratsa takardar, ya fita ta ɗaya bakin, ya bar dauɗarsa a baya. A gareji, daga Batsari har Safana, sunan da aka fi jin sa da shi shi ne filta, idan kuma ana son a bambanta shi da na iska ko na baƙin mai sai a ce filtar mai ko fiyal filta.

Mai neman kalmar Hausa tsantsa zai fara tunanin matata, to amma a nan akwai cikas. Kafofin yaɗa labarai sun riga sun keɓe “matatar mai” ga masana'antar da ake tace ɗanyen mai, kamar ta Kaduna wadda aka buɗe a 1980. Duk wanda ya ce matatar mai ta toshe, Bahaushe zai ɗauka labarin Kaduna ko Fatakwal ake yi, ba na ƙarƙashin mota ba. Rariya kuma ta fi dacewa da busasshen abu kamar gari, sa'an nan tana da wata ma'anar ta daban, watau hanyar ruwa. Saboda haka a wannan aiki an zaɓi mataci, domin kowane Bahaushe ya san matacin koko, kuma aikin nasu iri ɗaya ne: ruwa ya wuce, dusa ta tsaya. Inda aka kawo maganar kanikawa kuwa, za a bar ta da filtarta kamar yadda suke faɗa.

3.2 Hanyar Mai: Jiya da Yau

Motocin da tsofaffin kanikawan wannan yanki suka koyi aiki a kansu masu kafireta ne. Fitacciya daga cikinsu ita ce Peugeot 504, wadda kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna da aka buɗe a 1975 ya cika ƙasar nan da ita. A irin wannan mota akwai wani ɗan famfo a jikin inji wanda injin ne da kansa yake motsa shi. Famfon yana zuƙo mai daga tanki ya zuba shi a wani ɗan kwano da ke cikin kafireta, daga nan kuma iskar da inji yake shaƙa ta ɗebi man ta shiga da shi. Matsin da ke cikin tiyo kaɗan ne ƙwarai, bai kai rabin bar ɗaya ba. Bar ma'aunin matsi ne, kuma don a gane girmansa, iskar da ake bai wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 zuwa 2 da rabi ba. Ƙofofin kafireta suna da ɗan faɗi, kuma idan sun toshe ana kwance su a hure a mayar. Wannan ne ya sa direban wancan zamani yake iya tsayawa a gindin bishiya da sukundireba ɗaya ya gyara motarsa ya ci gaba da tafiya.

Motar zamani ba haka take ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kamfanonin Turai da Amurka da Japan suka yi ta barin kafireta suna komawa ga injekta, musamman saboda dokokin rage hayaƙi. A wannan tsari famfon mai na lantarki ne, kuma a cikin tanki yake zaune, nutse a cikin mai. A bakinsa akwai wata 'yar raga mai kama da safa wadda take tare manyan tarkace. Daga nan sai ya tura man da ƙarfi, a mafi yawan motoci kimanin bar 3 zuwa 4, watau fiye da iskar taya. Man ya ratsa mataci, ya isa wani bututun ƙarfe a kan inji, inda ake da nozul ɗaya ga kowace silinda. Nozul ba zuba mai take yi ba, fesa shi take yi kamar hazo, ta wasu ƙofofi da ido da kyar yake ganinsu. Wadda take ba ta umurnin buɗewa da rufewa ita ce kwamfutar mota, wadda kanikawa suke kira birenbos, kuma kowace buɗewa ba ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ɗaya ba.

Daga wannan bayani za a ga dalilin da ya sa mataci ya tashi daga matsayin ƙaramin abu ya zama babba. Kaurin gashin kan mutum kimanin maikiron 70 ne, maikiron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Matacin motar injekta an yi shi ne don ya tare abin da ya kai kimanin maikiron 10. A motocin dizal na zamani kuwa, irin su sababbin Toyota Hilux, inda matsin yake haura bar 1,500, ana bukatar matacin da ya fi wannan ƙanƙantar ƙofa, har ma a haɗa masa wurin tara ruwa a ƙasansa. Ke nan ƙurar da kafireta za ta haɗiye ba tare da ta nuna komai ba, ita ce take isa ta toshe nozul ko ta goge cikinta.

Wurin da mataci yake ya danganta ga ƙirar mota. A Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991 kuma take cikin motocin hayar da aka fi gani a tashoshin jihar Katsina, gwangwanin ƙarfe ne a ƙarƙashin mota kusa da tanki, ana iya kai masa hannu. A motoci da yawa da suka biyo baya, kamar Corolla ƙirar 2003 zuwa sama, an mayar da shi cikin tanki an haɗe shi da famfo a gida ɗaya. Wannan ya sa wasu direbobi suke cewa motarsu ba ta da filta. Tana da shi, ganinsa ne ba sa yi.

3.3 Ta Ina Dauɗa Take Shiga?

Kamfanin da ya ƙera mota ya yi lissafinsa ne a kan man da ya fito daga famfon gidan mai mai tsabta ya shiga tanki kai tsaye. Man da ake sha a Batsari da Safana kuwa yana bin hannaye da yawa kafin ya kai ga tanki, kuma kowane hannu yana barin alamarsa.

Da farko dai, man yana zuwa ne a cikin tankokin mota daga kudancin ƙasar nan, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 idan daga Legas ne. A sauke shi a rijiyar gidan mai da ke binne a ƙasa. Rijiyar da ta tsufa takan tara tsatsa da laka a gindinta, da damina kuma ruwa yakan samu hanyar shiga. A lokacin da tanka take juye mai, duk abin da ya kwanta a gindin rijiya yana tashi ya gauraye da man, shi ya sa direbobin da suka san abin da suke yi ba sa shan mai a gidan da suka ga tanka tana saukewa, sai an jima ya kwanta.

To, amma gidajen mai a hedikwatar ƙaramar hukuma da bakin manyan hanyoyi suke. Wanda yake Ruma ko Wagini, ko Runka ko Zakka, sau da yawa wurin ɗan bumburutu yake samun abin da zai zuba. Ɗan bumburutu yana ajiye mai a jarka, ya auna shi da galan ko kwalba, ya zuba da mazurari. Ba a nan ake cewa duk mai wannan sana'a maha'inci ba ne, domin da yawansu neman halak suke yi, kuma ba don su ba da ababen hawa sun tsaya cik a ƙauyuka. Sai dai ko mai gaskiyar cikinsu ba shi da iko a kan ƙura. Jarkar da ta yini a bakin hanya, da mazurarin da aka ajiye a ƙasa, da tsumman da aka ɗaura a bakinsa wai don ya tace, duk hanyoyi ne na shigar rairayi da zare. Da hunturu, watau daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa take kwaso ƙura daga Hamada, abin ya fi muni, domin wannan ƙura ta fi gari laushi, tsumma ba ya tare ta. Ƙasar yankin ma jigawa ce a wurare da yawa, kuma hanyoyin da suka ratsa ƙauyuka ba su da kwalta.

Sai kuma ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo. Don haka duk ruwan da ya shiga tanki gindi yake tafiya, daidai inda bakin famfo yake. Ba lallai sai wani ya zuba shi ba. Tankin da kullum yake kusan wayam cike yake da iska, kuma da damina iskar tana ɗauke da laima, wadda takan zama raɓa a jikin tanki idan dare ya yi sanyi. A tankin ƙarfe wannan raɓa ita ce mafarin tsatsa, tsatsar kuma ita ce jan garin da ake gani idan aka fasa tsohon mataci.

Akwai kuma gauraye na ganganci. A shekarun da kananzir ya fi fetur araha an sha haɗa su, abin da yake sa inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, domin man yana kamawa kafin lokacinsa. Wannan mataci ba ya maganinsa, domin mataci tsaki yake tarewa, ba ya raba ruwa biyu da suka narke a cikin juna. Misali mafi girma a nan shi ne abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumar NMDPRA mai kula da harkar rarraba mai ta sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, wanda aka yi lodinsa daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Janye wannan mai daga kasuwa ya jawo dogayen layuka na makonni a faɗin ƙasa. Metanol yana cin wasu nau'o'in roba da tiyo, yana kuma jawo ruwa, ga shi yana wanko tsohuwar dauɗar tanki ya tura ta gaba. Darasin da ke ciki ga wannan babi shi ne, gurɓataccen mai ba daga jarka kaɗai yake fitowa ba.

Wani abin da ya keɓanta ga wannan yanki shi ne matsalar tsaro. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta kafa wata doka da ta hana sayar da fetur a jarka a gidajen mai, ta kuma ƙayyade cewa a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ciki har da waɗannan biyu, gidajen mai biyu kaɗai ne za su sayar, kuma kada a ba mai mota fiye da man naira 5,000. Manufar ita ce a yanke wa 'yan bindiga man babura. Ta fuskar mota kuwa, abin da ya haifar a wancan lokaci shi ne tafiya da ɗan mai kaɗan a tanki, da zuƙo mai da tiyo daga wannan tanki zuwa wancan, da ɓoye shi a mazuban da ba don mai aka yi su ba.

Bayan wannan sai tsada ta zo ta ɗora nata. Da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Direban haya wanda a da yake cika tanki da safe, sai ya koma sayen abin da zai kai shi Katsina ko Dutsin-ma ya dawo kawai. A ganin mai wannan bincike, wannan ɗabi'a ta fi ƙura da ruwa illa, saboda dalilin da ke tafe. Famfon da ke cikin tanki ɗan injin lantarki ne mai ɗaukar zafi, kuma man da yake ratsa shi da wanda yake kewaye da shi su ne suke sanyaya shi, suke kuma zame masa kamar man shafawa. Idan mai ya yi ƙasa sosai, duk sa'ad da mota ta faɗa rami ko ta sha kwana, man yakan kauce, famfo ya zuƙi iska. Idan kuma aka haɗa masa da toshasshen mataci, sai ya zama yana tura mai a kan ƙofar da ta kusa rufewa, yana jan wuta fiye da ƙima, har ranar da zai ƙone. Kuɗin famfo kuwa ya ninka na mataci sau da yawa. Tattalin da aka yi a bakin famfon gidan mai, a shagon kayan gyara ake biyan sa.

3.4 Alamomin Toshewa a Bakin Direbobi

Mataci ba ya toshewa rana ɗaya, a hankali yake cika, shi ya sa alamominsa suke zuwa daki-daki. Da farko mota takan tashi lafiya, ta yi silo lafiya, domin a wannan hali ɗan mai kaɗan take bukata. Sai an ɗora mata kaya, alal misali buhunan gero ko rogo ranar kasuwa, aka zo hawa ko aka taka totur don a wuce wata mota, sa'an nan ta nuna gazawa. Direba yakan zo gareji ya ce, “Maigida, motar nan ba ta ja,” ko “tana shaƙewa,” ko “tana fizga,” ko kuwa “tana yanke mai.” Idan abin ya yi nisa sai ta riƙa wuyar tashi da safe, ta riƙa mutuwa a kan hanya, a jira kaɗan ta sake tashi. Wani lokaci ana jin famfo yana kuka daga wajen kujerar baya kamar ƙudan zuma.

Abin lura ta fuskar harshe shi ne, kusan duk waɗannan kalmomi daga jikin mutum ko dabba aka aro su. Mota tana shan mai, tana shaƙewa, tana tari, tana kuka, tana mutuwa, tana tashi. Za a faɗaɗa wannan a babi na huɗu. Abin da ya shafi wannan babi shi ne, kalmomin suna bayyana abin da direba ya ji ne, ba su nuna inda ciwon yake ba. Mataccen fulogi, da kwayil mai rauni, da matacin iska da ya cika da ƙura, duk suna iya sa mota ta yi fizga. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗaura agogon awon matsi a bututun mai a ga ko matsin yana faɗuwa idan aka taka totur. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai daga farkon shekarun 2000, suna da wata kafa da ake jona na'urar bincike, wadda kanikawa suke cewa “sa wa mota kwamfuta”. Lambar P0171, alal misali, tana nufin iska ta rinjayi mai a cikin inji, P0087 kuma tana nufin matsin mai ya yi ƙasa. To amma irin waɗannan kayan aiki sun fi samuwa a cikin birnin Katsina. A ƙauye bakanike da kunnensa da ƙwarewarsa yake aiki, kuma yakan fara da canja fulogi, domin shi ne a sarari.

3.5 Dabarun da Aka Gada

Dabara ta farko ita ce hure mataci. Akan cire shi, a bubbuga shi a jikin taya, a hura shi da baki ko da iskar mai faci ta bayansa, jan mai ya fito, a mayar. Mota kuma takan ɗan warware, wanda shi ne yake ƙara wa mutane imani da dabarar. Gaskiyar magana ita ce, manyan tsaki ne kawai suke fita, ƙananan sun riga sun nutse a cikin takardar. Iska mai ƙarfi kuma tana iya yaga takardar ta ciki inda ido ba ya gani, daga nan sai mataci ya zama bututu kawai. Hurawa da baki kuwa, ban da rashin amfani, shaƙar fetur ce, wanda yake ɗauke da sinadarin benzin mai cutar da jini. Yaran gareji su ne aka fi sa wa wannan aiki.

Ta biyu ta fi wannan haɗari, watau a cire mataci gaba ɗaya a haɗe tiyo da tiyo, abin da ake kira “yin dairek”, ko kuma a huda shi da ƙusa. A ranar mota za ta yi gudu kamar sabuwa. Bayan wani lokaci dauɗar da ya kamata ta tsaya a gwangwani mai araha sai ta tare a nozul. Nozul da ta toshe tana rage wa silindarta mai, silindar ta yi zafi fiye da ƙima. Wadda kuma tsaki ya hana ta rufewa sai ta riƙa ɗiga, mota ta yi ta baƙin hayaƙi tana shan mai, ɗanyen man kuma ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi.

Ta uku ita ce sa wa motar injekta ƙaramin matacin roba mai haske irin na kafireta ko na babur, saboda araha da kuma ana ganin cikinsa. Wannan roba ba a yi ta don matsin bar 3 ba. Idan ta fashe ko tiyo ya kuɓuce, fetur fesowa zai yi, ba ɗiga ba, kuma idan ya sami salansa mai zafi sai gobara.

Akwai kuma waɗanda suka gaji da wahalar injekta ɗungurungum, suke sa a cire ta a dasa wa mota kafireta, musamman a Golf. Ba za a ce masu yin haka ba su da hujja ba. Direban da yake bin hanyar da ta ratsa gefen daji yana son motar da idan ta tsaya zai iya tayar da ita da hannunsa, domin a irin wannan hanya lalacewar mota da yamma ba asarar lokaci kaɗai ba ce, magana ce ta rayukan fasinjoji. Sai dai farashin wannan zaɓi shi ne ƙarin shan mai a lokacin da mai ya yi tsada, kuma a sababbin motoci, inda kwamfuta take riƙe da giya da sauran sassa, ba ya ma yiwuwa cikin sauƙi. Wannan tsoro na tsayawa a daji, idan aka duba da kyau, hujja ce ta canja mataci kafin ya toshe, ba ta cire shi ba.

3.6 Canja Mataci da Sauran Kulawa

Littattafan da suke zuwa da motoci sun bambanta a kan lokacin canji. Ga matacin da yake waje, da yawa suna sa shi tsakanin kilomita 30,000 zuwa 60,000, na cikin tanki kuwa akan ba shi fiye da haka nesa. Waɗannan alƙaluma an yi su ne don ƙasashen da mai yake da tsabta. Bugu da ƙari, mafi yawan motocin yankin nan na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, sun zo ba littafi, wasu ma agogon kilomitarsu ya daina aiki. Saboda haka lissafi da lokaci ya fi dacewa da mutanen nan fiye da lissafi da kilomita. Shawarar wannan bincike ga motar haya ita ce a canja na waje a ƙarshen hunturu, bayan ƙura ta lafa, a kuma sake duba shi a ƙarshen damina saboda ruwa. Wanda ya sayi mota ta hannu kuwa, ya kamata canjin mataci ya kasance cikin aikin farko da zai yi mata, domin bai san abin da ta sha a baya ba.

Wajen canjin kansa akwai ƙa'idojin da tsohon tsari bai bukace su ba. Ko an kashe mota, matsi yana nan a cikin tiyo. Don haka akan cire fis ko rile na famfo, a tayar da mota a bar ta ta mutu da kanta, sa'an nan a cire kan batir na nagetif. Aikin a fili ake yin sa, nesa da mai walda da mai shayi da mai shan taba, waɗanda a garejojinmu galibi a rumfa ɗaya ake zaune da su. A jikin sabon mataci akwai kibiya, kuma dole bakinta ya dubi wajen inji. Idan aka juya shi, man yana tura takardar ta inda ba ta da madogara. Wasarori da zobban roba sababbi ake sawa. Bayan an gama sai a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da an tayar ba, don famfo ya cika hanya, a duba ko akwai yoyo. A motar dizal akwai ƙarin aiki guda biyu: fitar da iska da ɗan famfon hannu da ke kan mataci, da kuma kwance ƙusar ƙasansa lokaci-lokaci don ruwan da ya taru ya zube. Akwai fitila a gaban direba mai nuna cewa ruwan ya taru, amma da yawa ba su san ma'anarta ba.

Idan aka buɗe tanki don canja famfo, kuskure ne a dasa sabo a cikin tsohuwar laka. Sai an sauke tankin an wanke shi ya bushe, an kuma canja ragar bakin famfo tare da mataci. Yawancin famfunan da ake cewa jabu ne don sun mutu cikin wata biyu, a cikin dattin da ya kashe na farko aka sa su, ko da yake jabun ma suna nan a kasuwa, kuma mataci na jabu yakan zo da takarda 'yar kaɗan a ciki, har ana jin rashin nauyinsa a hannu.

Sauran kulawar a hannun direba take. Kada ya bari mai ya sauka ƙasa da kwatan tanki. Wannan ba ya bukatar ƙarin kuɗi kullum, sau ɗaya ne zai cike wannan kwata, daga nan ya ci gaba da sayen abin da ya saba saye a kansa. Idan dole ta sa shi sayen na jarka, ya bar jarkar ta zauna na ɗan lokaci, ya zuba ta mazurari mai ragar ƙarfe, kuma kada ya juye ragowar da ke gindi. Murfin tanki ma yana da muhimmanci. Akan ga motocin haya da aka toshe bakin tankinsu da leda ko tsumma bayan murfin ya ɓata, alhali kuwa bakin tankin yana daidai saman tayar baya, inda ƙura da ruwan hanya suka fi tashi.